Waɗanda suka taɓa zuwa Jazira a Alƙahira, ku ba mu labari

Ɗan Jega: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata mai kamawa zan raka Baba Alƙahira aikin ido. An ce bayan aikin sai mun jira 'yan kwanaki kafin likita ya sake dubawa, ni kuma ba na son tsoho ya wuni a ɗaki yana kallon bango. Na ji akwai tsibiri mai lambuna a tsakiyar kogin Nilu, cikin gari. Wanda ya taɓa zuwa ya gaya mana yadda ya gan shi, da abin da mai shekaru zai iya.

Ɗalibin Azhar, ɗan Argungu: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ba Baba lafiya. Jazira ke nan, ɓangarenta na arewa kuma shi ne Zamalik. Mu ɗalibai takarda ce take fara kai mu can, don ofishin jakadancin Najeriya a Zamalik yake. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 2 yana da tasha a kan tsibirin, tashar Opera, amma da Baba gara tasi, cunkoson jirgin ba na tsoho ba ne.

Ni in ni kaɗai ne, a dandalin Tahrir nake sauka in taka gadar Kasrun Nil da ƙafa. Tun 1933 take nan, da zakuna huɗu na tagulla, biyu a kowane baki. Da la'asar sakaliya iska takan taso daga ruwa, ga masu gasa masara, ga ango da amarya an zo ɗaukar hoto, ga samari sun jingina da ƙarfe suna ta surutu. Kana ƙarasawa za ka tarar da mutum-mutumin Sa'ad Zaglul, jagoran fafutukar 'yancin Masar, Lambun Andalus kuma yana hannun damanka, daf da ruwa. Ƙarami ne, ana biyan kuɗin shiga, akwai wurin zama da inuwa. Can zan ce ka kai Baba, sai dai ka riƙe masa hannu wajen matakala.

Hajiya daga Birnin Kebbi: Ɗana, ni ma jinya ta kai ni, Inna na raka. Kowa sai ya ce mana mu hau Hasumiyar Alƙahira, wai mita 187, daga sama har dalar Giza ana hangowa. Muka hau. Ranar hazo ya rufe gari, ban da gadoji da rufin gidaje ba abin da muka gani, Inna kuwa tana leƙawa ƙasa jiri ya ɗebe ta, ta ce a mai da ita inda Allah ya ajiye mutane. Kuma ka sani tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada. Mai sabon aikin ido ma sai ka fara tambayar likita zancen iska da ƙura. In lokacin sanyi ne ku tafi da rigar sanyi mai kauri, bakin Nilu da daddare ba wasa.

Ɗalibin Azhar, ɗan Argungu: Hajiya, ranar ce ba ta yi ba. In gari ya washe ana ganin dalar sarai. Kai dai Yaya ka hau, ko da Baba zai jira a ƙasa. A 1961 aka gama hasumiyar, zamanin Jamal Abdun Nasir, an saƙa jikinta da siffar furen bado.

Na Zuru: Ni ƙwallo ta kai ni. Kulob ɗin Al-Ahly yana nan kan tsibirin, kusa da hasumiyar. Na Zamalik kuwa ba a Zamalik yake ba, yana tsallaken ruwa a Mit Uƙba, ɓangaren Giza. Kada ka yi wannan gardamar da direban tasi sai ka san wanda yake goyon baya.

Bayawuri: Ku bar ni da zancen ruwa. Jirage iri biyu za ka gani. Akwai masu inji da fitilu kala-kala da kiɗa kamar zai fasa kunne, waɗannan ba na Baba ba ne. Akwai faluka, mai tafiya da iska, ba inji ba hayaniya. Ita na shiga kafin magariba, kuma ni da na tashi a bakin Neja sai da na yaba wa matuƙin, yadda yake karkata ƙyallen ya bi da ita tsakanin manyan jirage. Ku gama ciniki kafin ku taka jirgi, kuɗi da tsawon lokaci duka, kuma a faɗa a fili kuɗin na jirgi ne ko na kowane mutum. Sannan ka nemi rigar ruwa. Tun hatsarin Wara na 2021 ba na shiga jirgin kowa ba tare da ita ba, ko a Masar ne.

Tsohon malami, Gwandu: Yaro, in Baban naka mai son tarihi ne, akwai wani tsibirin kudu kaɗan, Rauda. A ƙarshensa akwai Miƙyas, ma'aunin ruwan Nilu da aka gina a 861 bisa umarnin Halifa Mutawakkil na Abbasiyawa. Rijiya ce ta dutse, da ginshiƙin marmara a tsakiya mai zanen kamu-kamu. In ruwa ya kai kamu 16, an san shekara ta yi kyau; in ya gaza a shirya wa yunwa, in ya zarce a shirya wa ambaliya, kuma da shi ake yanka harajin manoma. Da aka gama madatsar Aswan a 1970 ambaliyar ta tsaya, aikinsa ya ƙare. Mai noman fadama ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a wurin nan. Matakalar ciki ƙunci gare ta kuma ba abin dafawa, Baba ya tsaya daga sama ya leƙa, ana ganin ginshiƙin har ƙasa.