Neman shawara: yaya saƙon Bluetooth zai yi nisa tsakanin wayoyi a inda babu sabis?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna aiki a wani fili da babu sabis ko kaɗan, mu kusan talatin, mun rabu gida uku. Tsakanin rukunin farko da na biyu kamar mita 300 ne, na uku kuma yana can wajen kilomita biyu, ga bishiyoyi a tsakani. An ce akwai manhajar da waya ke miƙa wa waya saƙo ta Bluetooth har ya isa ga mai shi, ba SIM ba data. Mun saka ɗaya. A cikin rukuni tana aiki, amma saƙo ya ƙi tsallakawa zuwa wani rukunin. Laifin manhajar ne, ko akwai saitin da muka bari? Rubutaccen saƙo ma ya ishe mu.

Injiniyan rediyo:
Wa alaikumus salam, Malam. Manhajar ba ta da laifi, giɓin da ke tsakaninku ne matsalar. Wannan tsari ba ya ƙara wa Bluetooth ƙarfi ko ɗigo. Abin da yake yi kawai, kowace waya ta karɓi saƙo ta sake watsa shi ga na kusa da ita, kamar miƙa bulo hannu da hannu. Inda babu mai karɓa, nan saƙo ya tsaya.

Masu manhajojin sukan ce mita 100, amma wannan a fili ne fetal, waya na kallon waya. Bluetooth yana kan gigahaz 2.4, kuma ruwan jikin mutum da ɗanyen ganye suna shanye wannan sigina sosai. Waya a aljihun baya, mai ita ya juya wa ɗaya wayar gaba, ta riga ta yi asarar nisa mai yawa. Ka yi lissafi da mita 40 zuwa 50 a kowane zango, wato daga waya zuwa waya ta gaba. Mita 300 ke nan zango shida zuwa takwas, kuma bakwai ne iyakar Bitchat, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, wadda Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya fitar a 2025. Kowane saƙo yana ɗauke da lamba da ke raguwa da ɗaya a duk miƙawa, in ta ƙare a yar da shi, don kada ya yi ta kewaya har ya toshe hanya.

Ga wani lissafin da mutane ke mantawa. A ce kowane zango yana isar da saƙo tara cikin goma. Bayan zango shida, kusan 53 cikin ɗari ne za su kai. Saboda haka rage yawan zango ya fi ƙara wayoyi amfani. Ku samo tsofaffin wayoyi uku ko huɗu, kowace da fawa bank, ku ɗaure su a kan sanda mita uku ko fiye, sama da kawunan mutane, kowace tana hango ta gaba. A sa su cikin robar da ruwa ba ya shiga, ban da gwangwani ko akwatin ƙarfe, kuma a yi musu inuwa, don waya mai caji a rana zafi take yi ta daina cajin.

Mai rubuta manhaja:
Injiniya ya faɗi ta rediyo, bari in ƙara ta cikin waya, don a nan yawancin irin wannan netwok ke mutuwa. Tun Android 6 akwai tsarin Doze da ke kwantar da manhajoji idan allo ya mutu kuma waya na ajiye. Wayar da ta yi barci ba ta miƙa saƙon kowa. A kowace waya, musamman na kan sanda: a shiga saitin batir a cire wa manhajar takunkumi, a kashe yanayin tattalin batir, a ba ta izinin ganin na'urorin kusa idan Android 12 ce ko sama, in ta ƙasa da haka ce sai an ba ta izinin wuri, kuma a kunna wurin. Wasu kamfanonin waya suna da nasu mai kashe manhaja daban, shi ma a neme shi. IPhone kuwa kada a sa ta a matsayin mai miƙawa, da zarar manhaja ta koma baya Apple na taƙaita yadda take sanar da kanta.

Kuma kowa ya sauke manhaja iri ɗaya tun kuna da intanet. Misali, manhajar Bridgefy ba ta jin yaren Bitchat. Manhajar Briar kuma tsarinta daban ne: ba ta bi ta wayar baƙo, sai waɗanda kuka haɗa a matsayin abokan hulɗa. Amma tana ajiye saƙon rukuni ta isar idan an haɗu, don haka mai zirga-zirga tsakanin rukunoni zai zame muku ɗan aike ba tare da ya taɓa komai ba.

Wata mamba:
Yayana, me ya hana Wi-Fi Direct, wanda waya ke haɗuwa da waya kai tsaye ta Wi-Fi? Ai ya fi Bluetooth nisa da gudu.

Mai rubuta manhaja:
Ya fi, 'yar'uwa, amma waya ɗaya ce ke zama uwar rukuni kowa ya rataya a kanta, in ta tafi rukuni ya watse. Haɗa rukuni da rukuni kuma wahala ce, ga cin batir. Ainihin yanayin ad hoc na Wi-Fi, wanda wayoyi ke haɗuwa ba tare da uwar rukuni ba, Android ba ta buɗe shi sai an yi wa waya rutin, wato an cire kariyar da kamfani ya sa wa tsarinta. Abin da ya yi ta ba aikin Serval na Ostireliya, mai ƙoƙarin haɗa wayoyi inda babu sabis, ciwon kai ke nan.

Injiniyan rediyo:
Kilomita biyun nan kuwa, Malam, ka cire Bluetooth a ranka, sai ka jera waya arba'in, kuma ko ka jera, iyakar zangon nan za ta tare saƙon. LoRa, wata fasahar rediyo mai cin dogon nisa, ita ce maganinta, da manhajar Meshtastic. Na'urar ƙaramin allon lantarki ce mai rediyo, kamar Heltec V3, T-Beam ko RAK4631, waya ta haɗu da shi ta Bluetooth, shi kuma ya yi magana da ɗan'uwansa a megahaz 433, 868 ko 915, gwargwadon abin da dokar ƙasarku ta yarda. Ku duba wannan kafin saye, don allo da eriya dole su zama na megahaz iri ɗaya. Ɗaya ga kowane shugaban rukuni, na huɗu a wuri mafi tsayi a tsakiya. Ga na tsakiyar na fi son RAK4631, cin wutarsa kaɗan ne, ƙaramar sola ta riƙe shi.

A ɗaura eriya kafin a kunna, watsa sigina babu eriya na iya lalata allon. A saita yankin da ƙasarku take a cikin manhajar, in ba haka ba ba zai watsa komai ba. Duka su zama a kan saiti ɗaya, LongFast da suke zuwa da shi ya isa, iyakar zango a bar ta a uku. Eriya a tsaye, ba a kwance ba. Kada kowa ya mai da nasa Router, wato saitin da ke ba allo fifiko wajen miƙa saƙo, sai su yi ta danne juna. Ku buɗe tasha taku da sabon makulli ku raba ta lambar QR, don makullin tashar farko kowa ya san shi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To murya fa, babu hali?

Injiniyan rediyo:
Amin. Ta LoRa babu, gudunta a LongFast kusan kilobit ɗaya ne a daƙiƙa, saƙo ɗaya kuma haruffa wajen 200. Ta wayoyi ma, rediyo ɗaya ke ji kuma yake miƙawa, don haka gudu na raguwa da kowane zango, murya ta yi ta yankewa. In murya dole ce, ku haɗa da rediyon oba-oba. Kafin ranar aiki ku gwada a filin kansa: mutum ɗaya ya tsaya, ɗaya ya yi ta tafiya yana tura saƙo mai lamba duk taku hamsin. Inda lamba ta fara ɓata, ku ja baya kashi ɗaya cikin uku na nisan ku kafa sanda a nan.