"Kayan sata" a cikin sabuwar kwamfuta

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ku yi min haƙuri, yau da ɓacin rai na shigo. Ranar Asabar na kai kwamfutarmu ta gida wani shago a kasuwa, aka yi mata fomatin aka zuba Windows 10 sabuwa. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa, da ita yara suke kallon karatunsu da daddare. Na biya kuɗin aiki ko ciniki ban yi ba, yaron shagon ya miƙo min ita yana cewa, "Malam, na cika maka ita da komai." Kwana uku ke nan ban ga daidai ba. In na kunna sai na yi alwala na dawo ba ta gama tashi ba, talla na ɓullowa ta kusurwa, data kuwa kamar an huda randa. Da na zauna na leƙa cikinta sai na tarar da antibairos biyu, Avast da Smadav, burauza har huɗu, wata manhaja wai ta share datti, wata wai ta nemo direbobin da ke sa sassan kwamfuta aiki, ga IDM mai sauke fayil daga intanet da Microsoft Office, duk na fasawa, wato an fasa makullinsu ba a biya lasisi ba. Defender, antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, a kashe, sabuntawar Windows ma an toshe ta.

Ni abin da na yarda da shi, kwamfutar gida da aka gama yi wa fomatin a fara barinta ta sabunta kanta tukuna. Bayan nan abu biyar ya ishe ta, kuma duk kyauta ne halal: burauza ɗaya, LibreOffice na rubutu da lissafi, VLC na bidiyo da karatu, 7-Zip na buɗe ƙunshin fayil, sai a kunna allon rubutun Hausa saboda ɓ da ɗ da ƙ. PDF burauza na buɗe shi. Defender yana cikin Windows, ya wadatar. Sauran tarkacen nan kayan sata ne. Tambayata: yaya zan kwashe su ba sai na sake fomatin ba?

Injiniyan Unguwa: Wa alaikumus salam. Malam, tsaya. Sata? Wa aka yi wa satar? Shekara 12 ina wannan sana'a, ban taɓa haura katangar kowa ba. Ka janye wannan kalmar.

Malamin Lissafi: Ɗan'uwa, ban kira sunanka ba, ba kuma shagonka na je ba.

Injiniyan Unguwa: Ka taɓa ɗaya ka taɓa duka. In abin da muke sa wa mutane kayan sata ne, to mu ɓarayi ne ke nan, ku masu karɓa kuma dillalan kayan sata.

Mai Kafe: Gaskiyar Injiniya. Sata ita ce ka ɗauke wa mutum abinsa ya wayi gari babu. Office ɗin Microsoft yana nan a hannunsu, ko ƙwayar harafi ba ta ragu ba. Kwafi aka yi. Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su suna sa farashi da dala, mu muna cin abinci da naira. Malamin makaranta zai ɗauki albashinsa ya sayi lasisi, yara su ci me?

Almajirin Fiƙihu: Malam Mai Kafe, Allah ya ƙara buɗi, amma a nan akwai gyara. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Ba lallai ne a kira shi sata irin mai haddi ba, amma cin haƙƙi ne. Tsadar kaya ba ta halatta ɗauka. In ya yi maka tsada, ka bar wa mai shi abinsa.

Mai Kafe: Akaramakallahu, littattafan da ke cikin wayarka na PDF, duk ka biya kuɗinsu?

Almajirin Fiƙihu: Akasarinsu na magabata ne da suka rasu ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Mai Kafe: Akasari. To sauran fa?

Almajirin Fiƙihu: Laifina, in akwai, ba ya wanke naka.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai ina da tambaya ga masu cewa ba sata ba ce. Lokacin da masu kwafar faifai suka durƙusar da kasuwar finafinan Hausa, me duk muka kira abin? Satar fasaha. Har a rediyo haka ake faɗa, ba wanda ya ce a janye kalma. Ko sai abin ya taɓa ɗan gida ne yake zama sata?

Injiniyan Unguwa: Hajiya, da girmanki. Ki haɗa mai shirya fim da ya sayar da filinsa ya yi aiki da kamfanin da ya fi ƙasashe da yawa kuɗi? Ai ba ɗaya ba ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ƙanina, in yaro ya zari turmi ɗaya a shagon babban dila a Kwari, don dilan yana da kuɗi sai a ce ba sata ya yi ba?

Injiniyan Unguwa: Turmin ya bar shagon. Office bai bar ko'ina ba. Mun dawo maganar Mai Kafe.

Ɗalibar Jami'a: Don Allah iyayena da yayyena, a bar kalmar nan a duba abin da ya sami kwamfutar Malam. Abu biyu ne. Na farko, mai yiwuwa ba da hannu aka kashe Defender ba. Windows da kanta take jingine shi idan aka sa wani cikakken antibairos kamar Avast, don kada su riƙa karo. In aka cire Avast yadda ya kamata, Defender yana dawowa bakin aiki. Na biyu shi ne mai haɗari, wato toshe sabuntawa. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har wasu asibitocin Ingila sai da suka dakatar da ganin wasu marasa lafiya. Alhali tun watan Maris na shekarar Microsoft ta fitar da maganin wannan ɓarakar. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Kuma manhajar da ake fasa Office da ita, ba wanda ya san me aka cusa a cikinta, shi ya sa Defender yake kama ta, shi ya sa kuma ake cewa a kashe shi kafin a sa. In data ce matsalar, akwai wurin da ake gaya wa Windows cewa intanet ɗin na awo ne, sai ta rage jan kaya.

Injiniyan Unguwa: Wannan duk karatun takarda ne. Ki zo shago ki ga kwamfuta mai ram giga 4 da tsohuwar ma'ajiya tana fama da sabuntawa, mai ita na tsaye a kanka yana cewa ka lalata masa kaya. Mu muka san abin da muke gani.

Ɗalibar Jami'a: Yaya, kwamfuta mai giga 4 ita ce ma bai kamata a ɗora mata antibairos biyu da burauza huɗu ba.

Mai Kafe: A nan kam kar a taɓa Smadav. Ku masu kwamfuta ɗaya a ɗaki ba ku san bala'in filashi ba. Ni a rana filashi nawa ake sokawa a tawa? Ɗalibai, masu neman aiki, masu takardar fili. Bairos ɗin nan mai ɓoye fayil ya bar maka inuwarsu, ba abin da ke fito da su da sauri kamar Smadav. Daga Indunusiya yake, ƙasar da suke fama da irin matsalarmu, shi ya sa ya san ciwonmu.

Ɗalibar Jami'a: Su kansu masu Smadav cewa suke kariya ce ta ƙari, ba ta maye gurbin babban antibairos ba. Ni Avast ne ban ga amfaninsa a nan ba. A 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin biyan dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga.

Mai Kafe: Mu wa zai sayi bayananmu?

Ɗan Linux: Duk wannan hayaniyar da ba ta taso ba da Malam ya sa Linux Mint a madadin Windows. LibreOffice da Firefox suna zuwa a cikinta, ba lasisi, ba fasawa, ba zancen sata. Kuma ku sani, 14 ga Oktoba 2025 ce ranar da Microsoft ta sa ta daina tallafa wa Windows 10, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma tana neman wani sashen tsaro a jikin kwamfuta da ake kira TPM 2.0, tsofaffin kwamfutocin hannu da yawa ba su cika sharaɗinta ba. Ina za ku?

Injiniyan Unguwa: Kai kullum waƙarka ɗaya. Ko maganar kunu ake yi sai ka ce a sa Linux.

Mai Kafe: Ka sa masa Linux, ranar da firinta ta ƙi aiki ka zo ka gyara. CorelDraw na zane ma a ina zai samu?

Ɗan Linux: Malamin lissafi me zai yi da CorelDraw?

Mai Kafe: Kuma wannan LibreOffice da kuke ta yabo, ni nake shan wahalarsa. Mutum ya rubuta takarda da shi ya kawo a buga, in buɗe a Word, jadawali ya goce, shafi 10 ya koma 11, ya ce ni na ɓata masa aiki.

Ɗalibar Jami'a: Ya mayar da ita PDF kafin ya kawo, ko layi ɗaya ba zai motsa ba. Wanda kuma dole sai Word, akwai shi kyauta a burauza in mutum yana da asusun Microsoft, intanet kawai yake buƙata.

Malamin Lissafi: Jama'a, tambayata tana nan fa. Wanne zan fara cirewa?

Injiniyan Unguwa: Kafin nan, Malam, akwai wata kalmar. "Yaron shago." Mutum ya yi shekaru yana koyon aiki, wataƙila yana da mata da 'ya'ya, ka kira shi yaro. Mu injiniyoyi ne.

Tsohon Ma'aikaci: A'a, ɗana, a nan zan sa baki. Shekara 35 na yi a ma'aikatar ayyuka. Injiniya a Najeriya shi ne wanda ya yi karatun kuma COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, ta yi masa rajista. Mai gyara mai gyara ne, kuma ba abin kunya ba ne. Yanzu mai ɗaura wayar wuta injiniya, mai gyaran janareta injiniya, mai sa wa waya gilashi ma injiniya.

Injiniyan Unguwa: Baba, da girmanka, amma masu rajistar nan wurinmu suke kawo kwamfutocinsu in sun mutu.

Tsohon Ma'aikaci: Likita ma yana kai motarsa gareji, bai sa bakanike ya zama likita ba.

Na Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni maganar allon Hausa ce ta ja ni. Malam ya lissafa ɓ da ɗ da ƙ, ya manta ƴ. Mu a Nijar ƴaƴa muke rubutawa da harafinsa, ku kuna sa waƙafin sama ku rubuta 'ya'ya. Wanda ba ya son na Windows, akwai allon rubutu na Keyman, shi ma kyauta ne.

Hajiya Mai Atamfa: Mu dai yadda muka gani a littattafan makaranta haka muke yi.

Na Damagaram: Hajiya, ukun duk kun ba su ƙugiya, me na huɗun ya yi muku?

Tsohon Ma'aikaci: Hausar Kano ita ce ma'auni, a bar wannan maganar.

Na Damagaram: Baba, ma'aunin ku. Mu ma muna da namu.

Almajirin Fiƙihu: A dawo kan haƙƙi. Ko a dokar ƙasa, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Shari'a ta hana, doka ta hana, me ya rage?

Mai Kafe: Abin da ya rage shi ne ka nuna min ofis ɗaya a garin nan da duk kwamfutocinsa ke da lasisi.

Almajirin Fiƙihu: Yawan masu yi ba hujja ba ne.

Injiniyan Unguwa: Ni har yanzu ban ga an janye kalmar ba. In ba a janye ba zan fita daga zauren nan, kuma duk wanda kwamfutarsa ta lalace ya nemi 'yar jami'a ta gyara masa.

Malamin Lissafi: Ban ce kai ɓarawo ne ba, kuma ba zan ce ba. Amma abin da aka fasa wa makulli aka sa min ba da sanina ba, ban san wani suna da zan kira shi ba. 'Ya'yana ne suke zama gaban kwamfutar nan.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Na karanta komai tun daga farko, kuma kun san ni ma da gyaran kwamfuta na fara neman abinci kafin Allah ya buɗa min wata hanya, don haka na san abin daga ciki. Ga abin da na fahimta zaure ya tsaya a kai. Kalmar sata ta yi nauyi, kuma galibin waɗanda suka san sana'ar sun nuna ba ta dace ba, tunda ba abin da ya bar hannun mai shi. Maganar Akaramakallahu muna girmama ta, amma mas'ala ce ta malamai, a bar musu. An tabbatar Smadav yana da amfani, an kuma tabbatar LibreOffice yana ɓata takardu wurin bugawa. 'Yarmu ta jami'a da kanta ta ce ba mai gyaran ne ya kashe Defender ba, ke nan an zarge shi da abin da bai yi ba. Masu gyara suna taimakon talaka ne da abin da aljihunsa zai iya, ya kamata a gode musu. Malam, shawarata ka mayar da kwamfutar inda aka yi maka aikin, cikin mutunci, ka ce a rage maka abin da ba ka so. Injiniya, ka yi haƙuri ka zauna, zaure na buƙatarka. Zancen Linux da na ƙugiyar haruffa a kai shi wani lokaci. Na rufe sashen saƙo zuwa bayan sallar isha'i.