Waɗanda suka taɓa zuwa Helen lokacin bikin Oktoberfest, me kuka tarar?

Maman 'Yan Biyu, Lawrenceville

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abokan aikin maigidana sun matsa lallai mu bi su garin Helen nan da Asabar biyu. Sun ce gari ne a cikin duwatsun arewacin jihar Jojiya ta Amurka da aka gina kamar ƙauyen Jamus, kuma yanzu ne ake bikin giyarsu. Mu ba ma sha. Ga yara biyu 'yan shekara 7, ga kuma surukata da ta zo daga Kano wata biyu ke nan, ba ta leƙa ko'ina ba sai masallaci da kanti. Ina son ta ga duwatsu da ganyen da ke sauya launi, amma ba na son in kai dattijuwa inda za ta rasa wurin ajiye idonta. Don Allah wanda ya je da ƙafarsa ya gaya mini abin da ya gani.

Bakatsinen Marietta

Wa alaikumus salam Hajiya. Sau uku na je, biyu daga ciki lokacin bikin. Abin da zan fara gaya miki shi ne lokaci. Helen ta safe daban, Helen ta dare daban.

Zuwan farko mun bar gida bayan azahar. Tafiyar kusan mil 90 ce daga Atlanta, abin da bai kamata ya wuce awa biyu ba, amma da muka kusa garin sai muka tsaya cak. Babban titi ɗaya ne ya ratsa garin, hanya mai lamba 75, hannu ɗaya na shiga hannu ɗaya na fita, kuma mazauna garin duka ba su fi ɗari biyar da 'yan kai ba. Ki ƙiyasta dubban motoci a kan wannan titi. Muna ganin jajayen rufin gidajen daga nesa, amma sai da muka ƙara kusan awa guda kafin mu samu wurin ajiye mota, shi ma da kuɗi. Muna fita magariba ta kawo jiki, kiɗa ya tashi ta ko'ina, wasu har sun fara tangaɗi. Ba mu yi awa ɗaya ba muka juyo.

Zuwa na biyu muna idar da asuba muka kama hanya. Ƙarfe 9 muna cikin gari, hazo bai gama tashi daga kan kogin Chattahoochee ba, masu kantuna na share ƙofa suna ba furannin da ke rataye a tagogi ruwa. Wannan kogin da kike tsallakawa a Atlanta yana da faɗi, a can ɗan rafi ne mai sanyi, ana hango duwatsun ƙasansa tar. A ranar ne na ji daɗin garin.

Wani dattijo mai sayar da sassaƙen katako ya ba ni tarihin wurin. Da garin masu yankan katako ne. Da itatuwan suka ƙare injin ya tsaya, gari ya fara mutuwa. A 1969 wasu 'yan kasuwar garin suka nemi wani mai zane, John Kollock, wanda ya yi aikin soja a Jamus, ya zana musu yadda za a sauya fuskar gine-ginen su yi kama da na yankin Bavariya. Shi ke nan fa. Yanzu hatta gidajen abinci na manyan kamfanoni da ke garin sai da aka yi musu irin wannan rufi da fenti.

Anti Mai Girki, Decatur

Ƙanwata, ni ta ɓangaren ciki zan zo miki, don nan ne na sha wuya. Tsiran da za ki ga ana gasawa ko'ina, wanda suke kira bratwurst, yawanci naman alade ne. Soyayyen naman da ake bugawa ya yi faɗi a shafa masa garin burodi, shi ma sau da yawa alade ne sai in an rubuta kaza ko maraƙi. Abin da ya fi kama mutum ba zato shi ne kayan gefe. Na ce a ba ni haɗin dankalin Turawa, na ɗauka babu komai a ciki, cokali na farko na ga jajayen gutsattsarin nama. Na kira yarinyar da ke kawo abinci, ta ce ai da naman alade ake haɗa shi. Ta ba ni haƙuri sosai ta ɗauke, amma raina ya riga ya ɓaci, ranar ban ƙara iya cin komai ba. Kabeji mai tsami ma ki tambaya kafin ki ci.

Burodin nan mai gishiri da ake murɗewa, pretzel, yana da daɗi da zafinsa, sai dai narkakken cukun da ake ba da shi a tsoma galibi da giya ake dama shi. Ki ce a ba ki mustad. Ruwan tuffa kala biyu ne, wanda aka rubuta hard a jikinsa mai bugarwa ne. Shi kuwa root beer, duk da sunan, lemo ne kawai, yara na sha.

Kifin rafi da suke kira trout shi ne ya cece ni a zuwa na gaba. Amma in za ki bi tawa, ki soya kajinki, ki yi dambu ko shinkafa, ki zuba a kula. Akwai tebura a gandun Unicoi, minti kaɗan daga garin.

Malam na Clarkston

Hajiya, zan faɗi abin da ya same ni, ki auna da kanki. Wani maƙwabcina Ba'amurke, mutumin kirki ƙwarai, ya gayyace ni. Ya ce bikin kaka ne. Ban bincika ba. Muka shiga babban zauren da ake taron, Festhalle, ya biya mini kuɗin shiga, muka zauna a kan dogon benci. Kafin in ankara, dama da hagu manyan kofuna ne, ana ɗagawa ana waƙa. Ruwa ne a gabana, amma zuciyata ta ƙi kwanciya, don na san hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar ƙarshe kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Na raɗa wa maƙwabcina cewa zan jira shi a waje. Ya biyo ni da sauri yana tambaya ko wani ya yi mini wani abu. Na yi masa bayani a hankali. Wallahi bai ji haushi ba, ya ce da ya sani da bai kawo ni ciki ba, muka tafi bakin kogi muka zauna. Har yau muna mutunci.

Ba na hana ki ganin halittar Allah, duwatsun nan abin tunani ne. Zauren ne ba na ba ki shawarar shiga, musamman da yara. Kuma ki gaya wa maigida ya sanar da abokan nasa tun kafin a tashi, kada sai an je ƙofa a fara jin nauyi. Ban ga masallaci a garin ba, ku tafi da darduma da buta. Alƙibla arewa maso gabas take. Nisan ya wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, kuna iya yin ƙasaru.

Ɗan Wusasa, Alpharetta

Gaisuwa gare ku duka. Ni Kirista ne, ina ɗan sha, kuma na kwana biyu a garin da matata, don haka bari in faɗi yadda cikin zauren yake. Malam ya faɗi gaskiya, giya ce ginshiƙin taron, ba abin ɓoyewa. Ana duba katin shaida, wanda bai kai shekara 21 ba ba a sayar masa. Makaɗa na kan dandamali da akodiyon da manyan kakakin tagulla, maza sanye da gajeren wandon fata mai igiya a kafaɗa, mata da riguna masu ɗaurin gaba. Lokaci-lokaci sai kiɗa ya sauya, kowa ya miƙe ya ɗaga kofi a ce prost. Da rana na ga tsofaffi suna rawa da jikokinsu, akwai wata rawa da ake kwaikwayon kaza, yara na dariya har da faɗuwa. Na ga wasu ma'aurata da suka haura saba'in suna juyi a hankali, hannunsa a bayanta, har kiɗan ya ƙare ba su saki juna ba. Wannan ya tsaya mini a rai.

Bayan ƙarfe 9 na dare ranar Asabar kuwa, ni kaina da nake sha na ja matata muka koma masauki. Samari sun yi yawa, surutu ya yi yawa. Mama ba za ta so wannan ba, uwata ma ba zan kai ta ba.

Badamagare a Munich

Salamu alaikum. Ni a Jamus nake zaune, na je Helen bara da na ziyarci ƙanena. Na asalin a nan garinmu ake yi. Ya samo tushe a 1810, wajen bikin auren yarima Ludwig da gimbiya Therese, inda aka yi sukuwar dawaki, shi ya sa har yau filin ke ɗauke da sunanta. Ana farawa tsakiyar Satumba a gama farkon Oktoba, mutum wajen miliyan 6 ke zuwa, kofi guda lita guda ne. Na Helen ƙarami ne ƙwarai in an gwada, sai dai ya fi daɗewa, daga Satumba har ƙarshen Oktoba.

Gidajen sun yi kama, amma da mutum ya buɗe baki sai ka ji lafazin kudancin Amurka. Abin da ya fi taɓa ni ba Jamusancin ba ne. Kafin a shiga garin daga kudu, akwai wani tudun ƙasa a tsakiyar fili da 'yar rumfa fara a kansa, a kwarin Nacoochee. Mutanen asalin ƙasar ne suka tara shi tun kafin Turawa su zo. Ƙanena ya ce mini yankin nan duka ƙasar 'yan ƙabilar Cherokee ce, aka samu zinariya a wajen Dahlonega, a 1838 aka kore su da ƙarfin soja zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya. Motoci na wucewa ta gefen tudun babu mai rage gudu. Hajiya in kun zo wurin ku nuna wa yaran.

Direban Dare

Magana ɗaya ce tawa. Ku baro duwatsun nan kafin duhu. Hanyoyin lanƙwasa ne, babu fitila, barewa na faɗowa titi, kuma ba duk wanda ya fito daga bikin ne ya kamata ya riƙe sitiyari ba. Na taɓa bin wata mota a baya tana cin layin tsakiya har na fi minti 10 ban iya wuce ta ba, ina ta salati. Kada kuma ku bari abokan maigida su ce ku haɗu a mota ɗaya. Ku je da taku, lokacin da kuka ga dama ku juyo.

'Yar Seattle

Mu ma muna da irinsa a jihar Washington, Leavenworth, cikin duwatsun Cascade. Labarin kusan ɗaya ne, jirgin ƙasa ya sauya hanya, katako ya ja baya, a shekarun 1960 suka mai da garin na Bavariya. Ni ranar Talata na je da ƙawata, gari shiru, muka sayo tuffa kwali guda a hanya. In maigida zai samu hutu a tsakiyar mako, ya fi.

Maman 'Yan Biyu, Lawrenceville

Allah ya saka muku da alheri, mun je jiya mun dawo lafiya. Maigida ya gaya wa abokansa tun ranar Laraba cewa za mu yi yawo tare da safe amma ba za mu shiga zauren ba, suka ce babu komai. Ɗaya ma matarsa ta zaɓi ta bi mu.

Mun yi yadda Bakatsine ya ce, ƙarfe 9 da 'yan mintuna muna can. Yara suka tsaya a tagar wani kanti suna kallon yadda ake juya alewa a kan faffaɗan dutse. Mama ta riƙa taɓa furannin tagogi tana tambaya ko na roba ne. Wajen sha ɗaya da mutane suka fara cika muka wuce magangarar ruwa ta Anna Ruby. Hanyar ƙafa ce mai kwalta, ba ta kai rabin mil ba, amma hawa ce. Na ji tsoron gwiwarta, sau uku muna zama a benci. Da muka isa, ruwa biyu ne ke zubowa gefe da gefe, ɗaya dogo ɗaya gajere, ganye ja da rawaya na faɗowa a kansu. Mama ta yi shiru ta daɗe, can na ji tana tasbihi a hankali. Ta tsinci ganye guda huɗu ta sa a jakarta, ta ce za ta kai wa ƙanwarta a Gwammaja.

Mun ci dambunmu a Unicoi kamar yadda Anti ta ce, muka yi salla a kan ciyawa kusa da tafki. Wata Baturiya da karenta ta ja baya ta jira har muka sallame kafin ta wuce. A hanyar fita dole muka sake ratsa garin, kiɗa ya riga ya tashi, mutane sun cika barandu da kofuna. Mama ta duba sau ɗaya ta ce Allah ya shirya mu baki ɗaya, ta mai da kanta ga jikokinta. Na nuna wa yaran tudun da ɗan'uwanmu na Damagaram ya faɗa, suka yi ta tambayoyi har muka yi nisa.

Can gaba muka ga hayaƙi a bakin hanya, wani tsoho na juya wata ƙatuwar tukunya. Maigida ya tsaya ya leƙa, ashe gyaɗa ce ake dafawa da ɓawonta. Ya sayo kofi biyu. Mama ta ɓare ɗaya ta ɗanɗana, ta ce gishirin ya yi yawa kuma sun bar ta ta yi laushi fiye da kima, sannan ta ce ya koma ya ƙaro mata kofi ɗaya na gobe.