"Hankali ke gani, ido gululu ne": shin tambayoyin lissafi masu tarko suna auna hankali?

Malamin lissafi, Gwale

Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayin dattawa da masana harshe a kan karin maganar nan ta "hankali ke gani, ido gululu ne", domin kwanan nan ta zama abin jifan duk wanda ya faɗa tarkon wata tambayar lissafi. Wadda ta fi yawo ita ce ta biro da littafi: an saye su duka biyun a kan naira 110, littafin kuma ya fi biron tsada da naira 100, to nawa ne kuɗin biron? Yawancin mutane sukan ce naira 10 tun kafin su kai ƙarshen tambayar, alhali naira 5 ne, domin da biro naira 10 ne, da littafi ya zama naira 110, jimilla ta tashi 120. Wani malamin jami'a a Amurka, Shane Frederick, ya wallafa irinta a 2005 cikin jerin tambayoyi uku, kuma ɗaliban manyan jami'o'in can ma da yawa sun faɗi ta. Shin daidai ne a ɗauko karin maganar nan a nuna wa wanda ya ce naira 10 cewa ba shi da hankali? Ni dai ina ganin an ɗora mata kayan da ba nata ba.

Tsohon malamin Hausa, Yakasai

Wa'alaikumus salam, Malam. Yadda muka taso muka tarar, ba a faɗin wannan magana don zagi. Ana faɗin ta ne idan abu yana gaban mutum, idonsa a buɗe, amma zuciyarsa tana wani wurin. Uwa ta aiki yaro ya ɗauko makulli a kan tabarma, ya leƙa ya dawo ya ce babu, ta taso da kanta ta tarar da shi a inda ta faɗa, sai ta ce masa hankali ke gani. Ba ta ce ɗanta dolo ne ba. Cewa ta yi bai tattara hankalinsa wuri ɗaya ba, kuma ta san gobe idan ya nutsu zai gani. Saboda haka karin maganar ta dace da tambayar biro matuƙa, domin ido ne ya ga 110 da 100 ya yi saurin cire ɗaya daga ɗaya tun hankali bai iso ba. Inda masu jifa da ita suka kauce hanya shi ne sun mayar da tunatarwa ta zama hukunci.

Ɗalibin injiniya, Jami'ar Bayero

Baba, ina neman afuwa, amma ina ganin an sauƙaƙa lamarin da yawa. Akwai tambayoyin da ko mutum ya nutsu yini guda ba zai warware ba sai da wata basira. Mu ɗauki wadda muke yi tun muna yara, ta mutumin da zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin harawa, jirginsa kuwa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya, kuma ba dama ya bar kura da akuya, ko akuya da harawa, su kaɗai. Kowa yana gane cewa akuya za a fara ƙetarwa. A nan yawanci suke tsayawa cik, domin mafitar ita ce, bayan ya kai kura, ya dawo da akuyar baya, ya ajiye ta, ya kai harawa, sannan ya sake komawa ya ɗauko ta, sawu bakwai ke nan. Tunanin mayar da abin da aka riga aka kai, wato yarda a ja da baya domin a ci gaba, ba kowa yake zo wa ba. Wannan tambaya tana cikin wani kundi da ake danganta wa Alcuin, malamin Ingila da ya koyar a fadar Sarki Charlemagne wajen shekara ta 800, kuma an shirya kundin ne domin wasa ƙwaƙwalwar matasa. Idan tun wancan zamani malamai suna jarraba ɗalibai da ita, ai akwai abin da take nunawa.

Malamar firamare, Tarauni

Ƙanena, akwai abin da take nunawa, amma tambayar ita ce mene ne shi. A 1966 wani masanin halayyar ɗan'adam a Landan, Peter Wason, ya jera wa mutane kati huɗu, kowanne da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗaya fuskar. Abin da ake gani, a misali, shi ne A da K da 4 da 7. Dokar ita ce duk katin da yake da wasali a fuska ɗaya, to lambar bayansa mai rabuwa gida biyu ce ba saura. Waɗanne katuna ne dole a juya domin a san ko an karya dokar? Amsar ita ce A da 7, amma mutane sukan ce A da 4, kuma masu dacewa ba su cika wuce ɗaya cikin goma ba.

To, bari in sake mata riga. Doka ta ce duk wanda ya jefa ƙuri'a sai ya kai shekara 18. Ga mutum huɗu a gabanka: ɗaya ya jefa, ɗaya bai jefa ba, ɗaya shekararsa 30, ɗaya shekararsa 15. Wa za ka bincika? Duk wanda ya taɓa tsayawa layin zaɓe zai ce wanda ya jefa da kuma ɗan shekara 15, ba tare da ya yi dogon tunani ba. Tambaya ɗaya ce sak da ta katunan, kuma a 1982 masu bincike a Amurka sun yi irin wannan sauyin da dokar shekarun shan giya ta can, suka ga mafi yawan mutane sun dace. Mutumin bai ƙara basira tsakanin tambayar farko da ta biyu ba. Abin da ya sauya shi ne an kawo maganar inda ya saba.

Haka ma aka gani a birnin Recife na Brazil, a wani bincike da aka wallafa a 1985 kan yara masu talla. Aka tambayi wani yaro kuɗin kwakwa goma, kowace a kan 35, sai ya tara uku-uku, 105 sau uku, ya ƙara 35, ya ce 350. Yaran nan kusan duk lissafin da aka yi musu a bakin ciniki sun ci, amma da aka rubuta musu lambobin tsura a takarda, fiye da rabi suka faɗi. Ina da irinsu a ajina: yarinya mai tallar awara da ba a taɓa cutar ta a canji, amma ta tsaya tana zare ido a gaban allo. Idan na ce mata hankali ke gani da nufin ba ta da shi, na zalunce ta.

Ɗan canji, Wapa

Malama ta faɗi gaskiya. Mu a wajenmu wannan karin magana kullum tana bakin iyayen gidanmu, kuma a kan takardar kuɗi ta jabu aka fi faɗin ta. Sabon yaro zai karɓi dala ɗari ya kalla ya ce lafiya lau, maigida kuwa zai murza ta da babban yatsa, ya ɗaga ta sama ya duba hoton da ke ɓoye a cikin takardar da zaren da ya ratsa ta, ya mayar wa mai ita. Idonsu ɗaya, amma shi ya san inda ake dubawa, kuma shekaru ne suka koya masa. Sannan a Wapa akwai masu lissafin ka da suka fi na'ura sauri, duk da haka ba wanda yake miƙa kuɗi sai ya ƙirga sau biyu. Yaron da ake riƙewa a sana'ar shi ne mai sake ƙirgawa ko da ya tabbata, mai sauri kawai ba ya daɗewa.

Malamin fiƙihu, Madabo

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina so in ƙara da labarin raƙuma 17 da ake danganta hukuncinsa ga Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda. Mutum uku ne za su raba su, ɗaya rabi, ɗaya sulusi, ɗaya kuma kashi ɗaya cikin tara, kuma ba a so a yanka ko ɗaya. Sai aka ara musu raƙumi guda suka zama 18, na farko ya ɗauki 9, na biyu 6, na uku 2, jimilla 17, mai aro ya kama nasa ya tafi. Wanda bai yi karatu ba gani yake kamar siddabaru. Ɗalibin ilimin rabon gado kuwa nan take zai lura cewa kason ukun ba su cika dukiyar ba, 17 ne cikin 18, kuma ya san malamai sun yi bayanin yadda ake mayar da ragowa ga masu rabo gwargwadon kasonsu. Ba mamaki da littafin aljabara na Alkhawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban sashe nasa a kan wasiyya da gado ya tafi.

Ga kuma namu na gida. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 a kan hatimi, wato gidajen lambobi da kowane layi, tsaye da kwance da karkace, yake ba da jimilla ɗaya. Ƙaramin cikinsu mai gida tara ne, daga 1 zuwa 9, da 5 a tsakiya, kowane layi 15. Wanda ya zauna yana cankar lambobin zai sha wahala, amma malamin ya tsara ƙa'idojin cika gidajen bi da bi, yadda ɗalibin da ya bi su zai gina babban hatimi ba tare da canke ba. Abin da ake kallo a matsayin baiwa, sau da yawa hanya ce da wani ya koya, wani bai samu mai koya masa ba. Don haka a fahimtata, hankalin da karin maganar take nufi ya haɗa nutsuwar da Baba ya ambata da sanin da aka tara, kuma dukansu ana renon su ne.

Ɗalibin injiniya, Jami'ar Bayero

Allah gafarta Malam, na karɓi batun sabo da koyo, sai dai har yanzu wani ne ya fara gano ƙa'idar kafin a koya wa sauran, kuma a nan nake cewa mutane sun bambanta. Sannan ilimi ma ba ya hana faɗawa tarko. A 1990 Marilyn vos Savant ta amsa wata tambaya a mujallar Parade ta Amurka: ƙofa uku, bayan ɗaya akwai mota, bayan biyu awaki, ka zaɓi ɗaya, sai mai gabatarwa, wanda ya san inda motar take, ya buɗe wata mai akuya, ya ce ko za ka sauya. Ta ce a sauya, domin damar dacewa tana tashi daga ɗaya cikin uku zuwa biyu cikin uku. Wasiƙu kusan 10,000 aka aiko mata, kusan 1,000 daga masu digirin digirgir, yawanci suna cewa ta yi kuskure, alhali ita ce da gaskiya. Shahararren masanin lissafi Paul Erdős ma bai gamsu ba sai da aka nuna masa gwajin a kwamfuta. Baba, a nan ba "gani ya kori ji" ce ta yi aiki ba? Ashe idon ma yana da ranarsa.

Tsohon malamin Hausa, Yakasai

Ɗana, maganganun biyu ba sa faɗa da juna, kowace da wurin faɗin ta. "Gani ya kori ji" ana yin ta ne a kan labarin da aka kawo maka, ka je ka tabbatar da kanka. Shi wancan masani hankalinsa ne ya ƙi karɓar abin da bai gamsu da shi ba, ya nemi hujja, da ya ga hujjar kuma ya sallama, ni kuwa wannan shi nake kira hankali. Bambancin baiwa tsakanin mutane ban musa maka shi ba. Abin da na musa shi ne a ce tambaya ɗaya da aka jefa wa mutum a tsaye za ta iya auna shi. Shawarata ga Malamin Gwale ita ce ya riƙa faɗa wa ɗalibai karin maganar kafin ya ba su tambaya, lokacin da za ta amfane su.

Ɗan canji, Wapa

Ni batun ƙofofin nan bai zauna mini ba. Tunda ƙofa biyu suka rage, me ya hana damar ta zama rabi da rabi?

Ɗalibin injiniya, Jami'ar Bayero

Yaya, ka ɗauka ƙofofin 100 ne, mota tana bayan ɗaya. Ka zaɓi guda, sai wanda ya san inda motar take ya buɗe 98 duk awaki, ya bar taka da wata guda a rufe. Taka ka canka ta ne cikin 100, damar dacewarta ɗaya ce cikin 100 kuma buɗe sauran bai ƙara mata komai ba. Ɗayar kuwa shi ya tsallake ta da saninsa, don haka sau 99 cikin 100 motar tana bayanta. Da ƙofa uku ma haka lissafin yake, sai dai tazarar ta fi ƙanƙanta: ɗaya cikin uku gare ka idan ka tsaya, biyu cikin uku idan ka sauya. Kana iya gwadawa a shago da kofi uku da tsabar kuɗi guda, wani ya ɓoye, ku riƙa rubuta sakamakon tsayawa da na sauyawa daban-daban.