Muhawara: "In likita ne ya rubuta, ba ya kama jiki"

Iliya: Ana cewa duk wanda ya kasa barin Valium ko Xanax, to shi ya wuce ƙa'ida. Ni dai ina ganin ƙamshin gaskiya. Maganin nan yana tsayar da farfaɗiya, yana lafar da fargaba mai tsanani. Masu ƙorafi tsorata marasa lafiya kawai suke yi.

Dokta Hadiza: Malam Iliya, babu mai musun amfaninsa. Amma shaye-shaye daban, sabon jiki daban. Dangin benzodiazepine, wato su Valium da Xanax, suna ƙara wa GABA ƙarfi, wato sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa. In aka jera makonni ana sha kullum, sai ƙwaƙwalwa ta jingina da ƙwayar. Ko mutum bai taɓa ƙara rabi ba, ranar da ya yanke sai rashin barci, karkarwa, bugun zuciya, wani har jijjiga mai iya kisa. Tun 1988 Birtaniya ta ce kada a wuce mako 2 zuwa 4. A 2020 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta tsananta gargaɗin da ke cikin takardar bayanin maganin.

Iliya: To a rage cikin mako ɗaya mana, a huta.

Sani: A nan ake ɓarnar, Malam. Alprazolam, wato Xanax, yana saurin fita daga jini, shi ya sa wasu ke jin azaba tun kafin lokacin ƙwaya ta gaba. Marigayiya Farfesa Heather Ashton, wadda ta yi shekaru tana duba irin waɗannan mutane a Newcastle ta Birtaniya, takan mayar da su kan diazepam, wato Valium, saboda yana daɗewa a jiki. A lissafinta miligiram 0.5 na alprazolam daidai yake da 10 na diazepam. Sai a riƙa zaftare kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk mako ɗaya ko biyu. In jiki ya ƙi, a dakata a wurin. Abin yakan ci watanni.

Maryam: Kun bar babban tarkon. Alamun janyewa daga maganin suna kama da ciwon farko, sai a ce ciwo ya dawo, a ƙara ƙwaya. Wani likitan kuma tsoro ke sa shi yanke wa mutum rana ɗaya. Ƙungiyoyin marasa lafiya ba hana maganin suke nema ba. So suke a faɗa wa mutum haɗarin kafin ƙwayar farko, a kuma bar shi ya sa baki kan saurin ragewa.

Iliya: Na yarda da batun gargaɗi. Amma mara lafiya ya tsara wa likita gudu? Da sauran magana.

Dokta Hadiza: Tare za su tsara. Likita na da lissafin, amma wanda ya kwana uku ido biyu shi zai ce ragin ya yi yawa.