Wai waye golan Jamus ɗin nan da ya karye wuya ya ci gaba da wasa?

Dan_Raga: Salam 'yan uwa, wai da gaske ne an yi wani gola Bajamushe da wuyansa ya karye a fili kuma bai fita ba, ko dai zuƙi ta malle ce?

Baban_Tamaula: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne wallahi, Bert Trautmann kenan. Sojan Jamus ne aka kama shi fursunan yaƙi aka kai shi Ingila, da aka sake shi ya ƙi komawa gida, Manchester City ta ɗauke shi a 1949 mutane suka yi ta zanga-zanga wai ba sa son Bajamushe, daga baya su ne masu yi masa tafi. A fainal ɗin kofin FA na 1956 da Birmingham ya yi karo da Peter Murphy saura minti 17, haka ya ƙarasa suka ci 3-1, sai bayan kwanaki hoton asibiti ya nuna karaya.

Dan_Raga: Kai! To shi ya tsare wa Jamus raga a fainal ɗin kofin duniya na 1954?

Malam_Kwallo: A'a ɗan uwa, Toni Turek ne na Fortuna Düsseldorf, yana shekara 35 suka doke Hungary 3-2 a Bern. Trautmann ko sau ɗaya bai buga wa ƙasarsa ba, lokacin 'yan wasan gida kawai ake kira, a ganina an cuce shi.