Zanen saƙar gizo-gizo a jikin baƙar mota: me ke cire shi, me ke hana shi dawowa?

Mai Baƙar Mota:
Assalamu alaikum. Masu fenti, masu goge da masu wanki, ina so mu tara abin da kowa ya gani a aikace game da siraran karcen nan da ke fitowa a baƙin fenti ko shuɗi mai duhu. A inuwa mota fes, amma rana na haskawa sai ka ga zane ya zagaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Me ke cire shi da gaske, me kuma ke hana shi dawowa?

Mai Fenti:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara sanin inda karcen yake. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: faraima, wato fentin share fage, a ƙasa, launi a tsakiya, kiliya, wato fenti mara launi mai sheƙi, a sama. Duka kaurinsu daga kamfani yakan kama maikiron 100 zuwa 150 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kiliyar kaɗai kuwa wajen 40 zuwa 50, da ƙyar ta kai kaurin silin gashi. Wannan zanen a cikin kiliya yake, bai taɓa launi ba. Bakin kowane karce yana watsa haske ya yi fari-fari. A farar mota sai ya saje, a baƙa sai ya fito ɓaro-ɓaro. Kuma ba zagayayyu ba ne. Layuka ne da suka bi kowace kusurwa, waɗanda suka gitta wa haske ne kawai ke ƙyalli, shi ya sa da'irar take bin rana duk inda ka matsa.

Abin da nake so kowa ya riƙe: folish, wato man goge fenti, ba ya cike karce, kiliyar da ke gefensa yake zaftarewa har ta yi daidai da gindinsa. Abin da aka zaftare kuma ya tafi ke nan. Don haka a gyara wanki kafin a taɓa injin folish. A gwada da farce: idan farce ya maƙale a karce, ya yi zurfin da folish ba zai share shi ba, sai dai ya dusashe shi.

Ɗan Wanki:
Gaskiyar Oga ce, yawancinsa a wanki ake yin shi. Yashi ne ke shiga tsakanin soso da fenti, hannu ya ja shi. Yadda nake bi:

Taya da wili da farko, da bokitinsu da burushinsu daban, domin ƙurar birki ƙarfe ce. Sannan a watsa wa mota ruwa daga sama zuwa ƙasa kafin hannu ya taɓa ta. In da kumfar feshi, a bar ta minti uku zuwa biyar ta jiƙa dattin, a ɗauraye kafin ta bushe. Bokiti biyu masu lita 15 zuwa 20: ɗaya sabulun mota, ɗaya ruwa zalla, kowanne da ragar roba a gindi don yashi ya kwanta ƙarƙashinta. Safar wanki ta maikirofaiba ta fi soso mai lebur, domin tana haɗiye yashi cikin gashinta, shi kuwa soso riƙe shi yake a fuska. A wanke fanel ɗaya, wato ɓangare ɗaya na jikin mota kamar ƙofa, a cuɗa safar a ruwa zalla, a matse, sannan a koma sabulu. Rufi, gilashi, bonet, ƙofofi, sai ƙasan ƙofofi da bamba a ƙarshe, in da hali da wata safar.

Garin sabulun wanki kada ya zo kusa: ƙwayoyin da ba su narke ba suna karcewa, yana kuma wanke kakin da ke kare fenti. Safar da ta faɗi ƙasa ta gama aiki a ranar. Kuma a riƙa jan hannu a miƙe, ban da zagayawa.

Mai Fenti:
Ƙanina, a kan jan hannu a miƙe akwai gyara. In akwai yashi a safa, ko a miƙe ko a zagaye sai ta karce. Amfanin miƙewar shi ne karcen zai fito ta kusurwa ɗaya kawai. Tsabtar safa da rashin dannawa su ne maganin.

Hajiya Mai Shuɗiya:
Ku bar ni in ƙara da wajen busarwa, domin a nan masu wanki mai kyau suke ɓata aikinsu. Tsohuwar riga da fatar goge mota ba su da inda yashi zai ɓuya. A samu babban tawul na maikirofaiba mai kauri, a cire takardar da ke ɗinke a bakinsa, a shimfiɗa a kan fanel a bar shi ya sha ruwa, sannan a ja a hankali da nauyinsa kawai. Mai injin hura iska ya fi kowa tsira, tunda bai taɓa fentin ba.

Su kansu tawul ɗin a wanke su daban da kayan auduga, da sabulun ruwa, ba tare da sinadarin tausasa tufafi ba, domin yana toshe zaren. Zafi mai yawa yana ƙona bakin zaren ya yi kaushi. A ajiye su a rufe. Kuma don Allah a daina share ƙura a busasshiyar mota da tsumma; shara ɗaya ta isa ta zana baƙin bonet.

Mai Goge:
To, ga cirewar. Bayan wanki, a sa hannu cikin siririyar leda a shafa fenti. In an ji ƙurji-ƙurji, sai a bi da yumɓun tsabtace fenti tare da ruwan santsi mai yawa, ana ninke shi akai-akai. Yumɓun kansa yana barin ɗan hazo a baƙin fenti, don haka ba a yin sa sai za a bi da folish. A liƙe robobi, tambari da bakin fanel da tef ɗin masu fenti, saboda kiliya ta fi siranta a kan kusurwoyi.

Inji iri biyu ne. Mai juyi ɗaya yana da sauri, amma yana tara zafi, kuma a hannun da bai ƙware ba yana barin wani ƙyalli mai rawa da ya fi zanen farko muni. Mai juyi biyu, wanda ke juyawa yana karkarwa, shi ya dace da mai koyo.

Kada a fara da duk mota. A zaɓi wuri ɗaya, santimita 40 a kowane gefe, a fara da mafi laushi: soso mai taushi da folish na gamawa irin Meguiar's M205. Ɗigo uku ko huɗu kamar ƙwayar wake a soson inci biyar, a dangwala a wurin, a baza da gudun inji a lamba 1 ko 2, sannan a ɗaga zuwa 4 ko 5. Hannu ya tafi a hankali, kamar santimita biyu zuwa uku a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya, a bi a tsaye sannan a kwance, sau huɗu zuwa shida. A ja layi da alƙalamin maka a bayan faifan inji. In layin ya daina zagayawa, an danna da yawa ko an karkata, kuma ba a cin komai. Sai in wannan bai cire ba ake hawa zuwa kwamfawun, wato folish mai ƙarfin ci, irin M105 da soso mai tauri, sannan dole a dawo a gama da mai laushi, in ba haka ba baƙin zai yi toka-toka.

Kuskuren da na fi gani shi ne soso ɗaya a duk mota. Yana cika da mataccen folish da garin kiliya, ya daina ci, ya koma karcewa. A goge shi da burushi bayan kowane yanki, a tanadi huɗu zuwa shida. A riƙa taɓa fanel da bayan hannu, musamman bambar roba da ba ta sakin zafi.

Mai Baƙar Mota:
Allah ya saka, Oga. To me ya sa wasu motocin ake musu folish su yi kyau, bayan wanki uku zanen ya dawo gaba ɗaya?

Mai Goge:
Ba a cire shi ba tun farko, Malam, ɓoye shi aka yi. Wasu folish suna da mai da sinadarin cike karce. A gane haka da alkohol na isofurofil: in mai kashi 70 ne, awo ɗaya a haɗa da awo huɗu na tataccen ruwa, a fesa a tawul a share wurin gwaji. Sannan a kashe fitilu a haska tocila mai ƙarfi ta gefe. Abin da aka gani bayan nan shi ne gaskiyar aikin.

Mai Fenti:
Gargaɗi uku. In na'urar awon kauri ta nuna ƙasa da maikiron 80, a taƙaita ga folish mai laushi; in ta nuna 300 ko fiye, an taɓa sake fentin wurin, a yi masa gwajinsa daban. In soso ya yi baƙi da launin motar, ko fentin ba shi da kiliya ko an huda ta, a tsaya a duba. Fentin da aka yi shi mara ƙyalli tun asali kuwa ba a masa folish sam. Sabon fenti kuma a ba shi aƙalla wata guda kafin a rufe shi da kaki.

Ɗan Wanki:
Masu shafa siramik fa, wato ruwan kariyar nan da ke daskarewa a kan fenti? Ana cewa mota ba ta sake karcewa.

Hajiya Mai Shuɗiya:
Tana karcewa. Kaurinsa maikiron ɗaya ne zuwa biyu, kuma 9H da ake rubutawa a kwalinsa ma'aunin taurin fensir ne, yashi ya fi shi tauri nesa. Amfaninsa shi ne datti ba ya kamawa sosai, wanki ya yi sauƙi, hannu ya rage gogar fenti. Duk zanen da aka shafa shi a kai kuma zai zauna a ƙarƙashinsa. Abin da ke tare karce da gaske shi ne ledar kare fenti mai kaurin maikiron 150 zuwa 200, wadda ƙananan karcenta ke shafewa idan ta ji ɗumi. Ko a bonet da baƙaƙen ginshiƙan ƙofa kaɗai aka sa, an rage aiki, domin ginshiƙan nan sun fi ko'ina saurin zanuwa.

Mai Goge:
Kashin tsuntsu tsakanin wanki da wanki kada a kankare shi, akwai tsakuwa a ciki, kuma kada a bar shi ya kwana a rana, yana cin kiliya. A jiƙa tawul, a ɗora a kai minti biyar, a ɗauke shi sama ba tare da ja ba, sannan a share da wani gefen mai tsabta.